Shin atisayen watan Oktoba yana nuna ƙarfin ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata?

Tambaya: Ɗaliba ce ni a wata jami'a a Amurka. Makon jiya ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan makarantarmu ta bar 'yan kallo su shiga su ga atisayen share fagen kakar bana, muka je ni da ƙawayena. Mun fito kanmu a rabe. Wasu wata sabuwar yarinya 'yar shekarar farko ta burge su har sun fara maganar kofi, suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wasu kuma sun ce ƙwallo sai suɓucewa take yi, jifa ba ya shiga, bana dai babu labari. Su wa suka fi gaskiya? Ana iya gane ƙarfin ƙungiya daga atisaye?

Amsa: Ƙanwata, ana iya gane abubuwa da yawa daga atisaye, amma ɓangarorin ƙawayenki biyu duk sun zuba ido ne a kan abin da ya fi saurin ruɗar mutum, wato shigar ƙwallo kwando ko rashin shigarta. Na daɗe ina horar da 'yan mata a wannan wasa, na kuma zauna a gefen fili na kalli atisayen ƙungiyoyin jami'a da dama, kuma makin da aka ci a atisayen Oktoba shi ne abu na ƙarshe da nake rubutawa a littafina.

Ki fara da lokacin da kuka je. A rukunin farko na hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ƙungiya tana da damar yin atisaye na kwana 30 a cikin kwana 42 da suka rage kafin wasanta na farko, kuma ana buɗe kaka ne a makon farko na Nuwamba. Kafin nan, a lokacin hutun bazara, awa 8 kawai ake yarda a yi aiki da 'yan wasa a mako. Da zarar atisayen gaske ya kankama sai a koma har awa 20 a mako, ga ɗaga ƙarfe, ga gudu, ga zuwa aji. Duk wanda ya shiga zauren a tsakiyar Oktoba, 'yan mata ne zai tarar ƙafafunsu sun yi nauyi. Jifa kuwa daga ƙafa yake tasowa. Idan cinya ta gaji, ƙwallo sai ta riƙa bugun bakin zoben ta gaba, musamman jifan maki uku, wanda tun kakar 2021-22 aka ja layinsa baya zuwa mita 6.75. Koci da gangan yake gajiyar da su a wannan lokaci, domin shi kaɗai ne lokacin da babu wasa a gaba. Ƙawayenki da suka ce jifa ba ya shiga sun faɗi abin da suka gani, sai dai abin da suka gani gajiya ce, kuma idan aka sassauta aiki kwanaki kaɗan kafin wasan farko yawanci tana wucewa.

Sai kuma wata matsala da 'yan kallo ba su cika lura da ita ba. A atisaye ƙungiya ɗaya ce take wasa da kanta. Duk ƙwallon da sabuwar yarinyar ta zura, wata 'yar ƙungiyarku ce aka wuce. Duk ƙwallon da ta suɓuce, mai yiwuwa wata 'yar ƙungiyarku ce ta matsa har ta suɓuce. To murna za ki yi ko baƙin ciki? Ƙari a kan haka, masu tsaro sun san duk salon harin da za a kawo, domin su ma shi suke koyo. Koci yana kiran sunan salon, mai tsaro ta riga ta je ta tsaya inda za a ba da ƙwallo. Shi ya sa a makonnin farko tsaro yake rinjayar hari kusan a kowace ƙungiya, kuma atisayen da ya fi muni a ido sau da yawa shi ne wanda aka fi yin aiki a cikinsa. Ni idan na ga 'yan wasa suna ta zura ƙwallo cikin sauƙi babu mai tare su, a nan hankalina yake tashi.

Wannan ne ya sa manyan ƙungiyoyin mata suke ɗaukar samari daga cikin ɗaliban makaranta su riƙa yi musu abokan karawa. Marigayiya Pat Summitt, wadda ta ci kofin ƙasa sau 8 da jami'ar Tenesi, ta yi suna da wannan dabara, yanzu kuma ta zama ruwan dare. Samarin sukan kwaikwayi salon ƙungiyar da za a haɗu da ita, kuma tsawonsu da saurinsu yakan tilasta wa 'yan matan su yanke shawara da wuri. Idan a ranar da kuka je akwai irin waɗannan samari a fili, mintunan da aka kara da su sun fi sauran atisayen duka amfani ga mai son sanin gaskiya.

Kada kuma ki manta cewa atisayen da aka buɗe wa jama'a rabinsa biki ne. Ana so a sayar da tikiti, a faranta wa masu ba makaranta gudummawa, a nuna sababbin fuskoki. Kasuwar ta buɗe sosai yanzu: a ranar 15 ga Oktoban 2023 jami'ar Ayowa ta shimfiɗa filin kwando a tsakiyar filin ƙwallon Amurka na Kinnick, mutum 55,646 suka zo kallon wasan sada zumunci da jami'ar DePaul, wasan da ba ya cikin lissafin kaka. Kocin da ya san akwai ɗaruruwan wayoyi suna ɗaukar bidiyo ba zai fito da salon da ya tanada don muhimman wasanni ba. Zai cakuɗa 'yan wasa, ya raba manyan gida biyu, ya bar su su yi ta gudu da jifa don jama'a su ji daɗi.

Misalin da nake yawan ba iyayen yarana shi ne na kakar 2023-24, domin a shekara ɗaya ya nuna fuskokin abin biyu. Ƙungiyar Karolina ta Kudu, wadda Dawn Staley ke horarwa, ta rasa dukan 'yan wasa biyar da ke fara mata wasa a kakar da ta gabata, ciki har da Aliyah Boston, wadda aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararrun mata ta WNBA a 2023. Waɗanda suka rage yara ne da 'yan benci. Staley da bakinta ta riƙa kiran ƙungiyar gidan renon yara, ta kuma faɗa daga baya cewa halin da ta same su a farkon shiri, na rashin ƙwarin jiki da rashin natsuwa, ya sa har ta yi tunanin ajiye aiki da wuri. A jerin ƙungiyoyi mafi ƙarfi da kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar kafin kaka, ta shida aka sa su. Ta ɗaya kuwa LSU ce, wato jami'ar jihar Louisiana, ta koci Kim Mulkey, mai riƙe da kofi, ga tauraruwarsu Angel Reese tana nan, ga kuma manyan 'yan wasa biyu da suka sauya sheƙa zuwa can, Hailey Van Lith daga Louisville da Aneesah Morrow daga DePaul. A takarda babu mai ja da su.

Ranar 6 ga Nuwamba duka biyun suka buɗe kaka. LSU ta sha kashi a hannun Kolorado da ci 92 da 78 a Las Vegas. Karolina ta Kudu kuma ta lallasa Notre Dame da ci 100 da 71 a birnin Paris na Faransa, daga nan ba ta sake waiwaye ba: wasa 38 ta buga, ta ci 38, ta ɗauki kofi a ranar 7 ga Afrilun 2024 bayan ta doke Ayowa ta Caitlin Clark da ci 87 da 75. LSU ba ta lalace ba, ta kai matakin ƙungiyoyi takwas na ƙarshe kafin Ayowa ta fitar da ita, amma ba ta zama dodon da aka zata ba.

Abin tambaya shi ne, da mutum ya zauna a zauren atisayen ƙungiyoyin nan biyu a Oktoba, akwai abin da zai iya hangowa? A ganina akwai, in ya san inda zai duba. LSU ta rasa Alexis Morris, mai raba mata ƙwallo a shekarar da ta ci kofi, sai aka ɗora wa Van Lith wannan aiki, alhali a Louisville an fi saninta da cin maki. Yarinya ce mai hazaƙa, kuma ta tabbatar da haka da ta koma jami'ar TCU da ke Texas ta kai su matakin takwas na ƙarshe a 2025, amma kujerar da aka ba ta a LSU ba tata ba ce. Irin wannan ana ganinsa a atisaye: wa ke ɗauko ƙwallo daga baya idan an matsa, daƙiƙa nawa take ci daga cikin 30 na agogon hari kafin salon ya fara tafiya, dogayen da ke ƙarƙashin kwando suna samun ƙwallo a lokacin da suka nema ko sai sun gaji da ɗaga hannu. A ɗaya ɓangaren, abin da ya kayar da Karolina ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na 2023 shi ne rashin masu jifa daga nesa. Ayowa ta cunkushe ƙarƙashin kwando ta bar su a buɗe a waje, har Clark ta yi wa Raven Johnson ta Karolina ta Kudu alamar hannu cewa ta jefa in za ta iya. Staley ta ɗauko Te-Hina Paopao daga Oregon, wadda ta zama cikin waɗanda suka fi kowa saitin maki uku a ƙasar a wannan kaka, Raven Johnson kuma ta gyara jifanta. Da fili ya buɗe, sai doguwarsu Kamilla Cardoso 'yar Birazil ta samu sarari a ciki. Mai kallon da ya san ciwon bara, ya zo yana neman ko an yi maganinsa, zai ga haka ko da rabin jifan ranar bai shiga ba.

Saboda haka idan kika sake samun dama, ki tafi da tambaya ɗaya a ranki: me ya kayar da mu bara, kuma wa aka tanada don toshe wannan ɓaraka? Amsarta ta fi sunayen taurari goma.

Daga nan ki yi amfani da kunnenki fiye da idonki. Ƙungiyar da za ta yi tsaro mai kyau tana da surutu. Za ki ji ana kiran "hagu", "dama", "na karɓe ta", "ina bayanki", tun kafin abin ya faru. Ki lura muryar wa ta fi fitowa, kuma idan koci ya tsayar da wasa ya juya baya, wa ke jan yaran gefe tana gyara musu tsayuwa. Idan muryar koci ce kaɗai ke tashi a zauren daga farko har ƙarshe, ƙungiyar ba ta samu jagora a cikin fili ba tukuna, kuma ranar da aka je gidan abokan hamayya inda ihun jama'a ke hana jin koci, za a gane haka. Wannan alama ba ta cika yaudarata ba, domin gajiya ba ta hana mutum magana, kuma ba a iya ƙirƙirarta don 'yan kallo.

Ki kuma riƙa ɗauke ido daga kan ƙwallo, ko da yake da wuya. Idan an yi jifa, kowa sama yake kallo. Ke ki kalli ƙasa: mutum nawa ne suka juya suka sa bayansu a jikin abokiyar karawa don kama ƙwallon da za ta dawo? Idan an ƙwace ƙwallo, wa ke juyawa da gudu zuwa gida, wa ke tsayawa tana ɗaga wa alƙali hannu? A wasan ƙarshe na 2024 ɗin nan, Karolina ta Kudu ta kama ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 51, Ayowa sau 29. Wannan ɗabi'a ce da ake dasawa a Oktoba, kuma a buɗe take ga duk mai son gani.

Yanzu ga maganar sabuwar yarinyar da ta burge ƙawayenki. Ba na so in rage musu murna, domin akwai 'yan shekarar farko da suke zuwa a shirye. Sarah Strong ta shiga UConn, wato jami'ar Connecticut, a 2024 ta fara wasa tun ranar farko, kuma tana cikin ginshiƙan da suka ci kofi a 2025. Amma a san dalilin da ya sa sabuwar shiga take haskawa a Oktoba. Babu wanda ya nazarci bidiyonta tukuna. Kafin a shiga wasannin rukuni a watan Janairu, kowane mataimakin koci a yankin ya san hannun da ta fi so da inda take juyawa in an matsa mata, za a kuma tura ta ɓangaren da ba ta so. Ga doguwar kaka da tafiye-tafiye da jarrabawa, abin da jikin 'yar sakandare bai saba ba. MiLaysia Fulwiley, 'yar shekarar farko a Karolina ta Kudu, ta yi wata zura ƙwallo a wasan Paris ɗin da na ambata, ta zagaya da ita ta bayanta a guje, bidiyon ya zaga duniya. Makonni kaɗan bayan haka, a wasansu da Karolina ta Arewa, Staley ta ajiye ta a benci kusan dukan wasan saboda tsaronta bai gamsar ba. Yarinyar ta karɓi gyara, ta zama makami babba daga benci har ƙarshen kaka. To abin da zan so in sani game da taku shi ne: idan aka busa usur aka yi mata gyara a gaban jama'a, me fuskarta ke nunawa, kuma a zagaye na gaba ta gyara ko ta maimaita? Tana sanin inda za ta tsaya idan ƙwallo tana ɗaya gefen fili? Koci ba ya ba da mintuna don kyan jifa kaɗai. Yarinyar da ba a amince da tsaronta ba, kallo za ta yi daga benci a zango na huɗu, wato na ƙarshe, komai yawan makin da ta ci a gabanku.

Benci kansa abin dubawa ne. Ƙungiya ba ta cika wuce 'yan wasa 15 ba, kuma da yawan koci-koci bakwai ko takwas kawai suke amfani da su idan wasa ya yi zafi. Idan aka raba atisaye gida biyu kika ga rukuni na biyu yana ba na farko wahala har ana tayar da jijiyar wuya, wannan albishir ne, ko da ya sa manyan sun yi kamar ba su iya ba. A wasan ƙarshen 2024, 'yan bencin Karolina ta Kudu sun ci maki 37, na Ayowa ba su ci ko ɗaya ba, kuma wadda ta fi cin maki a ɓangaren masu nasara ita ce Tessa Johnson, 'yar shekarar farko da ta taso daga benci ta ci 19.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma shi ne ya fi damuna a matsayina na mai horarwa: lafiya. Ki duba gefen fili. Wa ke kan keken motsa jiki, wa ke sanye da takalmin gwiwa, wa aka cire da aka zo wurin karo da juna? Tsinkewar jijiyar gwiwa da ake kira ACL ta fi yawa a tsakanin mata 'yan kwando fiye da maza, kuma jinyarta takan cinye kaka guda. Paige Bueckers ta UConn ta tsinke tata a watan Agustan 2022, tun kafin a fara atisaye, ba ta buga ko wasa ɗaya ba a wannan kaka. Azzi Fudd ta tsinke tata a wurin atisaye a Nuwamban 2023. Kocinsu Geno Auriemma bai canza ba, hazaƙar yaran ba ta canza ba, amma sai a kakar da su biyun suka samu lafiya tare suka ɗauki kofi, inda suka doke Karolina ta Kudu da ci 82 da 59 a watan Afrilun 2025, kofi na 12 ga ƙungiyar matan makarantar. Duk hasashen da za a yi a Oktoba yana rataye ne a kan gwiwoyin yara 'yan shekara 18 zuwa 22, shi ya sa idan na ga koci ya hutar da babbar 'yar wasa a ranar da jama'a suka zo kallonta, girmansa ƙaruwa yake yi a idona.

Ina da roƙo ɗaya gare ki da ƙawayenki, tunda ɗalibai ne 'yan'uwanku. Abin da kuka rubuta a kafafen sada zumunta suna karantawa, iyayensu ma suna karantawa. Tun da aka sassauta dokar sauya makaranta a 2021, yarinyar da ta ji ba a son ta tana iya tattara kayanta a ƙarshen kaka ta tafi wani wuri ta buga nan take. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta shiga kaka a tsorace saboda wani da ya kalli atisayen awa ɗaya ya rubuta cewa ba ta cancanci gurbinta ba. Yabon da ya wuce kima ma nauyi ne a kan 'yar shekara 18. A faɗi abin da aka gani, a faɗi cewa rana ɗaya ce.

Game da lokacin da za ki iya yanke hukunci kuwa, wasan sada zumuncin da za a yi kafin kaka ba zai ƙara miki sani sosai ba, domin galibi da ƙaramar makaranta ake yinsa. Abin da za ki samu a ciki shi ne su waye biyar ɗin farko, da wadda ta fara tasowa daga benci. Ki jira gasannin da ake shiryawa a hutun ƙarshen Nuwamba, inda ake buga wasa biyu ko uku a jere a filin da ba na kowa ba, da kuma wasan farko da za ku je gidan ƙungiya mai ƙarfi. A wannan wasa ki duba mintuna biyar na ƙarshe idan maki ya yi kusa: su wa koci ya bari a fili, hannun wa ƙwallo take zuwa, kuma idan sabuwar yarinyar tana cikinsu, wa aka ba ta ta tsare.